Karatun Fizik A Jami'a: Ƙofa Na Bakin Unguwarmu, Ina 'Ya'yanmu?

Jama'ar Adjamé da Treichville, da sauran 'yan'uwa Hausawa mazauna Kwaddibuwa. A wannan wata mun ga ya dace mu tattauna a kan wani fanni na ilmi wanda sunansa bai cika faɗowa a bakin iyaye ba, wato fizik, da yadda ake karanta shi da kuma koyar da shi a jami'o'in ƙasar nan. Wataƙila mai karatu ya ce, to mu da ke fama da kuɗin haya da na cefane, me ya haɗa mu da fizik? Sai mu ce a yi mana haƙuri a bi mu sannu a hankali.

Duk wanda ya shiga gbaka daga tashar Adjamé ya nufi Abobo, kafin yaron mota ya gama ba shi canji ya wuce ƙofar wata jami'a da ake koyar da wannan ilmi. Shekara da shekaru sunan unguwarmu yana manne da sunanta, ana ce mata Jami'ar Abobo-Adjamé, kafin a 2012 a raɗa mata sunan Nangui Abrogoua, wani tsohon sarkin ƙabilar Ebrié na nan Adjamé. Mutumin Treichville kuwa gada kawai zai tsallake ya isa Cocody, inda babbar jami'ar ƙasa take. Ƙofa dai ga ta nan kusa. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a layinmu, ko a masallacinmu, yara nawa muka sani da suka shiga ta suka karanta fizik?

Shin Mene Ne Fizik?

Fizik shi ne ilmin sanin ƙa'idojin da Allah Ya shimfiɗa wa abubuwan da muke gani muna taɓawa, kamar motsi da nauyi da zafi da haske da sauti da wutar lantarki. Ba mu rabu da shi ba ko da yini ɗaya. Mai garba ya san kifi ba ya soyuwa a cikin ruwa sai a cikin mai. Fizik ne zai gaya masa dalili: ruwa ba ya wuce digiri 100 a tukunya buɗaɗɗiya komai wutar da aka hura masa, shi kuwa mai yana kaiwa wajen digiri 180, zafin da ke ƙafar da bayan kifi ya yi ƙamas. In hadari ya taso kan tabkin Ebrié, mukan ga walƙiya kafin mu ji tsawa. Dalili shi ne haske na gudun kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya, sauti kuwa mita 340 kacal. Saboda haka in yaro ya ƙirga daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da tsawa, to aradun ta faɗi a nisan kilomita ɗaya.

Ga wani labari da zai yi wa 'yan kasuwa daɗi. A shekarar 1672 wani masanin taurari ɗan Faransa, Jean Richer, ya je garin Cayenne da ke Kudancin Amurka da agogo mai lilo wanda aka daidaita a Paris. Sai ya lura agogon na yin latti kamar minti 2 da rabi kowace rana. Maimakon ya ɗora laifi a kan agogo, sai ya yi ta awo har wata da watanni. Daga bisani masana irin su Newton suka bayyana cewa ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi yana ɗan raguwa in an kusanci layin da ya raba duniya biyu. To Cayenne da Abijan kusan layi ɗaya suke, kowanne wajen digiri 5 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ma'ana, in aka daidaita sikeli mai waya a Paris aka kawo shi nan, buhun goro mai kilo 100 zai nuna ragin kusan giram 300. Ma'aunin kakanninmu mai faranti biyu da duwatsun awo kuwa, wannan bai dame shi ba, domin abin da ya rage wa buhu shi ya rage wa dutse.

Wannan ita ce ɗabi'ar mai fizik: ya lura, ya auna, ya nemi dalili, sa'an nan ya rubuta shi da lissafi yadda wani zai iya gwadawa ya gani. Samarinmu da ke gyaran waya a kasuwar Black Market, da masu walda da masu haɗa wutar gida, suna da rabin wannan ɗabi'a a hannunsu. Mai gyara ya san ƙarfen da zai cire ya sa sabo. Wanda ya yi karatun ya san abin da ya ƙona shi, da yadda za a ƙera wanda ba zai ƙone ba.

Kada kuma wani ya ɗauka ilmin Turawa ne su kaɗai. Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ne ya tabbatar ta hanyar gwaji cewa haske ne ke fitowa daga abu ya shiga ido, a littafinsa Kitabul Manazir. Har gobe ɗaliban shekarar farko a jami'a suna bi ta kan turbar da ya share.

Inda Ake Karanta Shi A Ƙasar Nan

Karatun jami'a a Kwaddibuwa ya faro ne da wata cibiyar ilmi mai zurfi da aka buɗe a Abijan a 1959, wadda ta zama Jami'ar Abijan a watan Janairu na 1964. Da ɗalibai suka yi mata yawa, sai a shekarun 1990 aka raba ta gida uku: Cocody, da Abobo-Adjamé, da Bouaké. Bayan rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2010, jami'o'in Abijan sun kasance a rufe tun daga Afrilun 2011 har zuwa Satumban 2012. A lokacin da aka sake buɗe su ne ta Cocody ta ɗauki sunan Félix Houphouët-Boigny.

A Cocody, fizik da kimiyyar harhaɗa sinadarai suna ƙarƙashin tsangayar da ake taƙaita sunanta da SSMT. A Nangui Abrogoua kuwa suna tsangayar SFA, tare da lissafi da ilmin kwamfuta. A Yamoussoukro akwai babbar makarantar injiniyoyi ta INP-HB, wadda aka kafa a 1996, ita ma fizik da lissafi su ne ginshiƙin shigarta. Daɗin daɗawa an buɗe sababbin jami'o'i a Daloa da Korhogo da Man da San Pedro, har da Bonduku a 2023, garin da kakanninmu fatake suka sani tun zamanin fataucin goro a hanyar Gwanja. Kowace sabuwar jami'a tana bukatar malamai, kuma malami ba ya faɗowa daga sama.

Inda Ƙofa Ke Rufewa

Yanzu ga maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami. Mu malaman makaranta mun daɗe da lura cewa yaro ba a ƙofar jami'a yake rasa fizik ba. Tun yana ɗan shekara 14 ko 15 ake yanke hukuncin, a aji na huɗu na kwaleji wanda ake kira troisième.

Ga yadda abin yake. A ƙarshen wannan aji yaro zai zauna jarrabawar BEPC, sa'an nan hukuma ta duba makinsa ta tura shi aji na gaba. Ko dai seconde A, ɓangaren adabi da harsuna, ko seconde C, ɓangaren kimiyya. Makin lissafi da na fizik suna da nauyi ƙwarai a wannan rabo. Wanda ya shiga seconde C, bayan shekara zai zaɓi layin C, mai zurfin lissafi da fizik, ko layin D, wanda ya fi karkata ga ilmin halittu. Akwai kuma layin E a makarantun fasaha irin Lycée Technique ta Cocody. Da bak ɗin C ko D ko E ake shiga sashen fizik a jami'a. Wanda ya kauce zuwa A, ko ya bar makaranta a nan, to da wuya hanya ta sake komowa da shi.

To a daidai wannan shekara ce gidajenmu suka fi bukatar yaro. Ya yi ƙarfin ɗaukar kaya, ya iya Faransanci da Jula da lissafin kuɗi, uba kuma ya gaji da zaman shago shi kaɗai. Sai a fara da cewa ya riƙa zuwa ranar Laraba da Asabar. Daga nan sai kowace yamma. Yaron da ya tashi makaranta ya zarce kasuwa sai bayan isha'i, yaushe zai zauna ya warware lissafi? Maki ya faɗi, sai uba ya ce ai dama ba shi da kan boko. Alhali kuwa kan yana nan, lokaci ne aka karɓe masa. Yarinya kuwa, a wannan shekarar ce ake fara maganar miji, ko a ɗora mata tallar da za ta tara kayan ɗaki.

Ba muna zargin iyaye ba ne, domin mun san abin da ke cikin aljihu. Kasuwanci gadonmu ne, shi ya kawo kakanninmu bakin teku, shi ya gina gidajen da muke ciki da masallatan da muke salla. Amma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ciniki ana iya koyonsa a shekara 25, har a 40. Lissafin seconde C kuwa in ya wuce yaro a lokacinsa, kamo shi sai an sha wuya. Tun 2015 doka ta wajabta karatu ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16 a ƙasar nan. Sai dai doka na iya zaunar da yaro a aji, ba za ta iya ba shi awa biyu na natsuwa da fitila a gida ba. Wannan aikin iyaye ne.

Abin Da Ɗalibi Zai Tarar

Tun 2012 jami'o'in gwamnati ke bin tsarin da ake kira LMD, wato matakai uku. Lisans shekara 3, mastar shekara 2, sa'an nan digirin dakta wanda ba ya kasa shekara 3. Kowace shekara an raba ta zango biyu, kuma ɗalibi na bukatar tara maki 60 na darussan da ya ci, wato 180 kafin a ba shi lisans. A shekarar da aka soma tsarin, kuɗin rajista ya tsaya a sefa 30,000 ga mai lisans, 60,000 ga mai mastar, 90,000 ga mai neman dakta. Duk ɗan kasuwa ya san jika talatin ba ta kai ɗinkin salla na gida guda ba. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne mota da abinci da kwafin takardu, kuma a nan ɗan Adjamé ya fi ɗan ƙauye sa'a, tun da a gidan ubansa zai kwana.

Darasi iri uku ne. Akwai lacca a babban zaure, inda malami ɗaya ke magana ɗaruruwan ɗalibai na rubutu. Akwai zaman warware tambayoyi a ƙananan rukunoni. Akwai kuma aikin ɗakin gwaji, inda ɗalibi zai riƙe na'ura da hannunsa ya auna, ya rubuta rahoto, ya faɗi iyakar kuskuren awonsa. A shekarun farko ana karanta ilmin motsi, da tafiyar haske cikin madubi da gilashi, da lantarki da maganaɗisu, da ilmin zafi wanda a kansa injin mota da firji suke aiki. A shekara ta uku ake shiga duniyar ƙwayar zarra, inda ƙa'idoji suka saɓa wa abin da ido ya saba gani, kuma daga can ne aka samo ilmin da ya haifi kwamfuta da wayar hannu da faifan hasken rana.

Gaskiya ɗaya ce, shekarar farko tana da wuya, kuma da yawa a nan suke zubewa. A lise malami ya san sunan yaro, in bai zo ba zai tambaya. A zauren jami'a ba mai kiran suna, ba mai duba littafi. Yaron da ya saba haddace darasi ya mayar wa malami, sai ya tarar an ba shi tambayar da bai taɓa gani ba an ce ya warware. 'Ya'yanmu da suka bi ta makarantar allo suna da baiwar hadda da juriyar zama, kuma wannan jari ne babba. Abin da za su ƙara shi ne sabon tambayar "don me?" da kuma riƙe alƙalami kullum, domin fizik kamar ɗinki yake, ba a iya shi da kallo. Shawarar da tsofaffin ɗalibai ke bayarwa ita ce a haɗa ƙungiyar mutum huɗu ko biyar tun makon farko, a nemi tambayoyin shekarun baya, kada kuma a raina lissafi, domin shi ne harshen da fizik ke magana da shi.

Hanyar Zama Malami

Wanda ya gama lisans ko mastar yana iya shiga gasar makarantar horon malamai ta ENS da ke Cocody, wadda aka kafa a 1964, ya fito malamin kwaleji ko na lise. Ƙarancin malaman lissafi da fizik tsohon ciwo ne a ƙasar nan. A 2019 sai da gwamnati ta ɗauki malaman kwantaragi 10,300 a lokaci guda don cike giɓi a firamare da sakandare. In ajin troisième ya yi wata uku ba malamin fizik, to yara nawa ne ƙofar seconde C ta rufe musu ba da laifinsu ba? Shi ya sa muke cewa malamin fizik ɗaya tamkar iri ne. In aka cinye iri, baɗi ba girbi.

Mai son koyarwa a jami'a kuwa sai ya kai ga digirin dakta. Daga nan zai fara da muƙamin mataimaki, ya riƙa hawa mataki-mataki har ya zama cikakken farfesa. Ba jami'arsa kaɗai ke ɗaga shi ba. Akwai majalisar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe masu amfani da Faransanci suka kafa a Yamai a 1968, mai hedkwata a Wagadugu. Ita ke tara masana daga ƙasashe dabam-dabam su duba binciken da mutum ya wallafa da ɗaliban da ya yaye, kafin a amince ya hau. Saboda haka muƙamin da malami ya samu a Abijan, ana girmama shi a Yamai da Dakar da Kwatano.

Aikin malamin jami'a kashi biyu ne, koyarwa da bincike. A Cocody akwai masu binciken yanayin sama, suna nazarin damina da ƙurar hunturu da hayaƙin da muke shaƙa a tashoshin mota. A Lamto, kusa da kogin Bandama, akwai tashar da ke sauraron girgizar ƙasa tun shekarun 1960. Malamin ƙwarai kuma shi ne wanda in kayan gwaji sun yi ƙaranci ba zai naɗe hannu ba. Da zare da dutse da agogon waya ana auna ƙarfin jan ƙasa na Abijan a samu kusan 9.8. Da batir da ƙusa da wayar tagulla ana yin maganaɗisu. Duk waɗannan ana samunsu a kasuwar Adjamé da kuɗin da bai kai na farantin garba biyu ba.

Namu Sun Riga Sun Taka

Ga mai cewa wannan karatu ba na irinmu ba ne, sai mu kai shi Tasawa, a jihar Maraɗi. A can aka haifi Abdou Moumouni Dioffo a 1929. Ya bi ta makarantar William Ponty a Sanagal, ya wuce Paris, a 1956 ya ci babbar gasar malamai ta Faransa da ake kira agrégation a fannin fizik, abin da ba wani ɗan Afirka baƙar fata daga ƙasashen renon Faransa da ya riga shi yi. Da ya so zama a Turai da ya zauna. Amma sai ya komo ya riƙe alli a Dakar da Konakiri da Yamai da Bamako. Ya dubi ranar da ke ƙona mutanen Sahel ya ce ai wannan dukiya ce. A Bamako ya kafa ɗakin binciken makamashin rana, sa'an nan daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci hukumar ONERSOL a Yamai, inda aka riƙa ƙera tukunyar ɗumama ruwa da murhun girki masu aiki da rana. Ya kuma shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979. A littafinsa kan ilmi a Afirka, wanda ya fito a 1964, ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunan iyayensu. Ya rasu a 1991, kuma a 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Ga iyayen 'yan mata kuma, ga Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero a Kano. Bayan sakandare aure ta yi, ta haifi 'ya'ya, sai tana da shekara 29 ta shiga jami'a. Ta karanta fizik har ta zama farfesa mai binciken yanayin sararin sama. A 2015 ta karɓi lambar yabo ta duniya da ake bai wa mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, kuma a shekarar BBC ta sa ta cikin fitattun mata 100. Bahaushiya ce, matar aure, uwa. Karatun bai raba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A nan ƙasar ma akwai makarantun 'yan mata masu kyau, irin su Sainte-Marie a Cocody da Mamie Faitai a Bingerville, waɗanda maki ke kai yarinya cikinsu.

To Ina Aikin Yake?

Wannan ita ce tambayar kowane uba, kuma tana kan hanya. Ba za mu ɓoye ba, takarda ba ta ba da tabbacin albashi. A 2021 da 2022 an ga masu digirin dakta a fannoni dabam-dabam suna zanga-zanga a Abijan saboda ba a ɗauke su aiki ba. Amma a dubi inda ƙasar ta dosa. Wutar da muke kunnawa tana fitowa ne daga madatsun ruwa irin su Kossou ta 1972, da Taabo ta 1979, da Buyo ta 1980, da Soubré ta 2017 mai ƙarfin megawat 275, da kuma tashoshin iskar gas na Vridi da Azito. A Afrilun 2024 aka ƙaddamar da babbar tashar wutar rana a Boundiali, abin da Abdou Moumouni ya hango tun shekara 60 da suka wuce. A ƙarshen 2017 aka buɗe cibiyar gashin cutar daji a Cocody, kuma irin wannan na'ura ba ta aiki sai da masanin fizik da zai auna yawan hasken da za a harba wa maras lafiya. Ga hukumar hasashen yanayi, ga kamfanonin waya, ga matatar mai ta Vridi, ga ma'adinai. Wanda kuma ya komo kasuwa da lisans ɗin fizik ya buɗe shagon faifan rana da batura, ya fi maƙwabcinsa sanin abin da yake sayarwa, kuma ba za a yi masa cuwa-cuwa da jabun kaya ba.

Akwai maganar takardu, wadda ta shafe mu fiye da kowa. Gasar shiga aikin gwamnati, har da ta ENS, sai mai takardar zama ɗan ƙasa. Da yawa cikinmu 'yan ƙasa ne haihuwar nan, wasu kuma suna riƙe da takardun Nijar ko Nijeriya ko Gana. Kowane gida ya san matsayinsa tun da wuri, kada a bari sai ranar ajiye takardun gasa. Wanda ba ɗan ƙasa ba, makarantu masu zaman kansu da kamfanoni suna nan, ga kuma jami'o'in Yamai da Maraɗi da Zariya da Kano da Sakkwato, waɗanda duk suna da sashen fizik. A Zariya ma akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004. Uwa uba, a yi wa jariri takardar haihuwa cikin wata ukun farko, domin rashin wannan 'yar takarda ya tsayar da yara masu ƙwaƙwalwa tun a jarrabawar firamare.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ba mu ce kowane yaro sai ya zama masanin fizik ba. Hannu ma yatsunsa ba ɗaya ba ne. Abin da muke roƙo ƙalilan ne, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, uba ya karɓi takardar sakamakon ɗansa kowane zango ya duba layi biyu, lissafi da fizik. In bai iya karatun boko ba, maƙwabci ya karanta masa. Yaron da ke samun 12 ko 13 bisa 20 a waɗannan darussa, to a san an riƙe zinariya a hannu.

Na biyu, a shekarar troisième da ta terminale a ɗauke wa yaro zaman shago na yamma, a rage wa yarinya talla da wanke-wanke. Wata tara ne kacal. Yaron shago ana iya ɗauka a biya shi, amma ba mai zauna wa ɗanka jarrabawa.

Na uku, ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da na 'yan kasuwa, waɗanda ba su taɓa gazawa wajen biki da jana'iza ba, su buɗe asusun ɗalibai. Kuɗin motar ɗalibi ɗaya na shekara bai kai abin da ake liƙa wa maroƙa a dare ɗaya ba. Sarakunan Hausawa da limamai su sa baki, domin maganarsu ta fi tamu nauyi.

Na huɗu, makarantun Islamiyya da suka shiga tsarin gwamnati su nemi malaman lissafi da kimiyya na gaske, kada a mayar da waɗannan darussa cikon benci. Ɗalibanmu ƙalilan da suka riga suka shiga jami'a kuma, su ba da yammacin Lahadi ɗaya su zauna da ƙannensu a farfajiyar masallaci da allo da alli. Yaron da ya ji an bayyana masa dokar lantarki da Hausa daga bakin wan abokinsa, ya daina ganin abin a matsayin na wasu.

Kakanninmu sun tako da ƙafa daga Kano da Katsina da Damagaram har bakin teku, ba taswira ba mota, don sun ji labarin akwai riba a gaba. Tafiyar da ke gaban jikokinsu ba ta wuce kuɗin gbaka ɗaya ba. Allah Ya ba iyaye ikon sakin hannun yara, Ya ba yara juriyar zama, Ya kuma nuna mana ranar da za a shiga zauren lacca a Cocody ko Nangui Abrogoua a tarar ɗan Adjamé ko 'yar Treichville ce ke riƙe da alli. Amin summa amin.